Ƙwallon Goruba a Burtalin Toranke

A shekarun da Ningawa suka matsa wa ƙasar gabas da hari, Toranke ta koma kamar akurki. Ƙofa ɗaya aka bari, ita ma ba a buɗe ta sai rana ta ɗaga, kafin la'asar sakaliya kuma an mayar da ita. Gonakin nesa duk sun zama saura. Wanda zai ci kasuwar Ajingi sai ya jira ayari, in ya dawo a yi ta yi masa barka kamar wanda ya sauka daga fataucin Gwanja.

Ana cikin wannan hali, an gama shigar da dawa rumbu ke nan, manzo ya zo daga Gaya. Ya ce kowane gari ya ba da saurayi ɗaya, za a kai shi ribaɗi can kudu, bakin dajin da mahara ke ɓullowa, ya shekara yana gadi da gyaran ganuwa. Bara ma an bayar. Wanda aka bayar bara, rigarsa kaɗai ta dawo.

Unguwa-unguwa ake yi, bana kuwa abin ya zagayo kan unguwar yamma. Samarin da suka isa riƙe mashi a unguwar, waɗanda ba su ajiye iyali ba, su uku ne: Ɗanladi, da Ɗantani, da Badaru ɗan Kabo. Bara ƙuri'a aka yi da tsinke, har yau uwar yaron ba ta gaisa da gidan mai gari, ta ce an san tsinken da aka miƙa wa ɗanta. Saboda haka mai gari ya ce shi bana ba ya riƙe tsinken kowa. Aka yi ta kai-kawo a zaure, har samarin da kansu suka aiko cewa a bar ƙwallo ya raba su, shi dai kowa na ganin tashinsa da faɗuwarsa.

Wasa ne da samarin garin ke yi in kaka ta yi. A ɗora ƙwallon goruba a kan ɗan tulin yashi a bakin ƙofar gari, a maka masa gora mai lanƙwasasshen kai, ya bi burtalin da ya miƙe gabas tsakanin shingen aguwa biyu. Ƙwallon da ya faɗa cikin shinge ko ya tsallake shi, an yi na banza. Mai gari ya amince. Ya ce nan da kwana bakwai, ranar Alhamis da hantsi, kowa bugu ɗaya. Wanda ƙwallonsa ya tsaya kusa, shi zai bi manzo.

Tun daga wannan rana Kabo ya rasa sukuni.

Abin da ya fi ci masa rai, shi ne ya san wasan nan fiye da duk mai rai a garin. Da ƙuruciyarsa har daga Gafasa ake zuwa kallon bugunsa. In da wani ɗa ne a cikin 'ya'yansa, da ya ja shi gefe ya riƙe masa hannu, kwana biyu ya ishe su. To amma Badaru ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa Lauratu, mahaifiyar Kabo, can ya girma. Shekara goma sha tara ke nan Kabo bai taɓa ambaton sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan, ko wancan. Ba su taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba. In suka yi kiciɓis a ƙofar zaure, yaron ya durƙusa ya sunkuyar da kai, uban ya dubi bango ya amsa gaisuwar kamar da bangon yake yi. Haka Kabo ya ga ubansa ya yi da yayansa, haka kowane mai mutunci yake yi a garin, kuma bai taɓa jin nauyin abin ba sai yanzu.

Washegari da hantsi ya ce zai je duba audugarsa. Ya fita, ya zagaya, ya laɓe a bayan shingen aguwa inda zai hango bakin ƙofa. Ga Badaru can shi kaɗai da gora da ƙwallaye a aljihun riga. Dogo ne, ƙirji kamar faifai, hannun da ke ɗaga damin dawa shi kaɗai. Amma da ya tsaya kan ƙwallo sai Kabo ya ga abin da bai so gani ba. Yaron ya haɗe ƙafafu kamar mai tsayuwar salla, ya noƙe wuya, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari. Ya ɗaga gorar iyakar kafaɗa ya sauke ta kamar mai saran shuka. Ƙasa ta tashi, ƙwallon ya gangara taku goma, tafiyar buzuzu da kayansa. Ya sake, haka. Ya sake, gorar ta shafi kan ƙwallon ya shige shinge.

Kabo bai ƙarasa gonar audugar ba. Kai tsaye ya nufi gidan Ari.

Ari amininsa ne tun suna yara, Babarbare, kakanninsa ne suka zo daga gabas suka zauna suna noma da tallar kanwa. Kabo ya tarar da shi a zaure yana farfasa kanwa da dutse.

Ari ya ce, "Sarkin gora, lafiya? Ka shigo kamar wanda kura ta biyo."

Kabo ya ce, "Malam Ari, na ga bugun yaron nan. An gama. Shi zai tafi."

"To ka gyara masa mana. Wa ya fi ka?"

"Ka san ba zai yiwu ba."

"Na san ku dai da ɗora wa kanku dutse. Ɗanka, ka haifa, ka ce bakinka ba ya ɗaukar sunansa? Ni Allah ya hutar da ni, biyar gare ni duk mata, ta farin ma in ta ƙona miya har ɗaki nake bin ta da faɗa."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Kai za ka je ka gaya masa."

Ari ya ajiye dutsen. Ya ce, "Ni? Ni da tun da uwata ta haife ni ban taɓa buga ƙwallo ba? Gora in ba ta korar jaki ba, ban san amfaninta ba."

"Ba bugawa za ka yi ba, baki za ka ara mini. Tashi tsaye."

Nan cikin zaure Kabo ya ɗauki muciyar da ke jingine ya damƙa wa Ari. Ya buɗa masa ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ya ce riƙon kada ya zama na mai kokawa, a riƙe gora kamar an riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce, kada kuma a murƙushe shi. Ya ce bugu ba a hannu yake ba, a ƙugu yake. Nauyi ya koma ƙafar baya in gora ta tashi, ya dawo ƙafar gaba in ta sauko, hannu kuwa ya biyo baya kamar bulalar da aka kaɗa. Kada a sari ƙwallo kamar da fartanya, a share shi kamar yadda lauje ke share ciyawa. Ido kuma kada ya bar ƙwallon sai gora ta wuce, don mai ɗokin ganin inda ƙwallonsa zai faɗi, a gabansa yake tarar da shi.

Ari ya gwada, muciyar ta doki tulun da ke gefe. Ya ce, "Ɗan tsako, ƙugu, bulala, lauje. Kabo, wannan bugu ne ko kayan lefe?"

Duk da haka ya tafi. Da yamma ya dawo ya ce ya isar, yaron ya ce ya gode, Baba Ari.

Asabar Kabo ya koma bayan shinge. Babu abin da ya sauya. Ya aika Ari ya ce a ja ƙafar dama baya kaɗan. Lahadi ya koma, ya ga gwiwar hannun na nan manne da haƙarƙari, ya aika a ce ya sake ta. Ya aika a ce tulin yashin ya yi tsawo. Ya aika a ce ya daina riƙe numfashi. Wani lokaci Ari bai gama shan ruwa daga aiken farko ba, sai ga Kabo da na biyu.

Rannan da la'asar abin ya ci ƙarfinsa. Yana zaune a tsakar gida yana gyaran ƙotar gatari, Badaru na can gefe yana ba jaki ƙaiƙayi. Kabo ya kafa wa gatarin ido, ya ɗaga murya ya ce, "Wasu mutane in za su buga ƙwallo, sai su noƙe kamar kazar da ruwa ya daka. Alhali Allah ya ba su tsawo."

Bai rufe baki ba ya ji ƙwaryar ƙaiƙayi ta taɓa ƙasa. Da ya saci kallo, sai bayan yaron ya gani yana ficewa ta zaure, sumsum. Kabo ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kamar wanda aka kama yana leƙen ɗakin suruka.

Ya shiga lissafe-lissafe marasa kai. Ya ce ko ya tura yaron Gafasa wurin ƙanwarsa kafin Alhamis? To wa zai bar saurayi ya bi hanya shi kaɗai a wannan zamani, kuma da wane ido zai dubi iyayen sauran biyun? Ya ce ko ya je ya ce a ɗauke shi a madadin yaron? Manzo ya riga ya faɗa, ba a son mai furfura. Duk inda ya juya sai ya ci karo da bango.

Ranar Talata ya sake shiga zauren Ari da sabon saƙo, game da babban yatsan hannun hagu. Ari ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Zauna, Kabo. Zan gaya maka magana, in ka ga dama ka yi fushi. Tun Lahadi na daina kai saƙonka."

Kabo ya miƙe zumbur. "Ka daina? Kana ci mini amana da ran yaro?"

"Na ce ka zauna. Ranar da na kai na fari, yaron ya saurare ni da ladabi. Da na gama ya ce, Baba Ari, tsaya nan ka gani. Ya ɗora ƙwallo ya buga. Kabo, wallahi ban ga tashinsa ba, ƙara kawai na ji. Sai da muka wuce itatuwan marken nan biyu na cikin burtali muka tsince shi."

"Ƙarya kake. Lallashina kake yi."

"Ni in yi maka ƙarya in ci me? Sau huɗu ya buga a gabana. Ƙugun nan da kake faɗa, da bulalar, duk yana da su, har da abin da ba ka faɗa ba. Da na kai saƙo na biyu da na uku, sai na ga ya fara tsayawa yana duban ƙafarsa, yana duban yatsunsa, yana ƙirga abin da aka ce. Bugun ya fara raguwa. Na ce a raina, wannan in na ci gaba ni zan kai shi ribaɗi da bakina."

"To ni abin da nake gani da idona fa? Kullum ina bayan shinge. Kwana huɗu ban ga ya wuce taku ashirin ba."

Ari ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wannan kuma sai ka tambayi wadda ta raine shi."

Lauratu tana bakin ɗakinta tana kaɗi, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Ta tsufa har ta rankwafa, amma harshenta bai tsufa ba. Kabo ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara kewaye-kewaye. Ba ta bari ya gama ba.

Ta ce, "Duba audugar ce ta dawo da kai? Audugar da ta tsiro a bayan shingen aguwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Mijina mana." Haka take kiran jikan nata. "Ya ce, tsohuwa, hular Baba ta fi shinge tsawo. Tun ranar farko ya gan ka. Kai kaɗai ne a garin nan ka ɗauka ka ɓuya."

"To don ya gan ni sai ya manta bugu?"

Ta dakatar da mazari ta dube shi. Ta ce, "Kabo, ashe girma bai ƙara maka wayo ba. Shekara goma sha tara muna koya masa in ya gan ka ya haɗe ƙafa, ya sauke kafaɗa, ya rage tsawo. Ya koya, ya iya, har ana misali da shi. Yau kuma kana so ya tsaya a gabanka ya buɗe ƙafafu, ya banƙaro ƙirji, ya murɗa ƙugu kamar ɗan dambe? Jikinsa ba zai yarda ba ko shi ya yarda. Laifin da kake ta aike a gyara, kai kake kai masa shi a hularka."

Kabo ya ce, "Ke nan ban taɓa ganin bugunsa ba."

"Ba ka taɓa ba. Kuma in kana son sa a gida, kada ka gan shi ranar Alhamis. Ka shige ɗaki ka ja asabari."

Ya fita daga wurinta da ɗan sauƙi a ƙirji, na farko cikin kwana biyar. Sauƙin bai kai magariba ba. Bayan sallar la'asar mai gari ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci, ya ce yana so kowa ya ji: ranar Alhamis iyayen samarin nan uku su fito da ƙafarsu su shaida. Wanda ubansa bai fito ba, gidansu ya sallama ke nan, shi zai tafi, don shi ba zai ɗauki ƙorafin an yi a bayan idon wani ba.

Kabo ya dawo gida yana jan ƙafa. In ya fita, yaron ya noƙe. In ya zauna, an sallama. Laraba tun safe yake juya maganar, ya je rijiya da ita, ya je masallaci da ita. Sai wajen azahar dabara ta faɗo masa. A al'adar wasan, akan sa mutum ya tsaya can cikin burtali daidai inda ƙwallo ya tsaya, don masu bugu su hango, tunda ƙwallon goruba launin ƙasa gare shi. Yanzu kuwa babu mai son yin nisa da ƙofa. In shi ya karɓi wannan aiki, ya fito ya shaida ke nan, kuma yana can nesa, ba ya tsaye a kan yaron. Ya ji daɗin dabarar har ya kasa jiran shawara. Bai gaya wa Lauratu ba, bai gaya wa Ari dalili ba, ya dai ce masa gobe su biyu za su shiga burtali.

Alhamis da hantsi aka buɗe ƙofa. Gari ya fito, maza a bakin ƙofa, mata da yara a kan ganuwa, manzon Gaya na zaune a inuwa yana cin goro. Aka sa mutum biyu a kan rimi su riƙa duban daji. Kabo ya matso ya faɗi bukatarsa.

Uban Ɗantani, wani siririn mutum mai saƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, uban mai bugu ne zai zama alama? In ya shuri ƙwallon ɗana ya dawo da shi baya fa?"

Mai gari ya ce, "Gari duka na kallonsa. Amma don a kashe bakin magana, ga sharaɗi. Kabo, inda ƙwallo ya tsaya nan za ka dasa ƙafarka. In ka ɗaga ta kafin mu iso mu gani, ɗanka ne zai tafi. Ka yarda?"

Kabo ya ce ya yarda. Shi da Ari suka shiga burtali, suka raɓe a jikin shinge can ƙasa.

Ɗanladi ya fara. Bugu mai kyau, ƙwallon ya tashi ya sauka ya yi tsalle biyu ya tsaya nesa. Ari ya taka ya tsaya a kansa. Ɗantani ya biyo. Ya ɗan sari ƙasa, amma ƙarfi ya kai ƙwallon, ya gangaro ya tsaya a tsakiyar burtali, taku goma sha biyar kafin na Ɗanladi. Kabo ya je ya dasa ƙafar dama a gefensa, ya juyo ya fuskanci gari.

Sai a lokacin ya ga abin da ya aikata.

Burtalin bai fi faɗin shanu huɗu ba. Dama aguwa, hagu aguwa, shi kuma ga shi tsaye cir a tsakiya, da farar riga da doguwar hula, kamar an kafa shi don a auna. Badaru ba shi da hanyar wuce ƙwallon Ɗantani sai ta kan ubansa. Yaron da ko tabarmar uban ba ya tsallakawa, yau an ce ya ɗaga gora ya auna fuskarsa, ya jefa abu ya bi ta saman kansa, gaban gari duka.

Ya hango Badaru can bakin ƙofa ya ɗora ƙwallo a yashi. Ya miƙe, ya buɗa ƙafafu, ya ɗago kai ya dubi burtali. Kabo ya ga lokacin da yaron ya gan shi. Ƙafafun suka dawo suka haɗe. Kafaɗun suka sauka. Dogon yaron nan ya rage tsawo a tsaye, gorar ta yi laƙwas a hannunsa.

Daga bayansa Ari ya ce da ƙaramar murya, "Kabo, ka kashe mu. Matsa gefe."

"In na ɗaga ƙafa an sallama."

"To yi masa magana. Murya za ta kai."

Murya za ta kai, gaskiya ne. Amma ya ce me? Ya kira shi da wane suna? In ma ya iya tsaga bakinsa ya yi, muryar tasa ce za ta ƙarasa narkar da yaron. Ƙafarsa ta dama kamar an kafe ta da turke. Can bakin ƙofa wani ya ce a yi mana, rana na yi. Badaru ya ɗaga gorar iyakar kafaɗa, ya sauke ta a hankali bai buga ba, ya sake gyara tsayuwa, a noƙe.

Kabo ya cire hularsa ya yar. Ya murɗa jiki a kan ƙafar da ya dasa, bai ɗaga ta ba, har ya ba gari baya. Sannan ya tsuguna, ya dunƙule, ya jawo bayan rigarsa ya lulluɓe kansa, ya kifa goshi a gwiwa. Dattijo mai furfura, kai ba hula, a tsugune cikin kashin shanu a gaban ɗan cikinsa.

Dariya ta fashe a kan ganuwa, ya ji ta sarai. Wata mata ta ce, "La ilaha, Kabo ya zama suri!" Yara suka ɗauka. Ya runtse ido. Cikin rigar babu iska, sai warin guminsa da bugun zuciyarsa. Dariyar ta yi ta yi, sannan ta fara raguwa, sannan ta ɗauke gaba ɗaya.

Shirun ya yi tsawo har ya fara tunanin ko yaron ya ajiye gorar ne.

Sai ya ji ƙarar. Ba ta ƙasa ba ce, ba ta shafar kai ba ce. Ƙara ce guda ɗaya, busasshiya, irin wadda hannu ba ya jin nauyinta. Wani abu ya keta iska a samansa da ɗan fito. Ya ji tim a gabansa, can nesa, sannan muryar Ari yana salati yana tsalle gefe.

Bai ɗago ba. Ya ji ihun samari, ya ji takun mutane na tahowa cikin burtali. A ƙarƙashin wannan duka, daga kan ganuwa, wata murya ta mace ta tashi da kuka, siririya, ba ta tsaya ba.

Ari ne ya fara isowa. Ya ɗaga masa rigar daga kai, yana haki. Ya ce, "Ya wuce ni, Kabo. Ya wuce na Ɗanladi da taku ashirin, saura kaɗan ya fasa mini baki. Ka ga bugu kuwa?"

Kabo ya ce, "Ban gani ba."

"Kai, amma ka yi asara."

Mai gari ya iso da dattawa. Suka duba ƙafar Kabo, suka duba ƙwallon da ke gefenta, suka wuce suka duba sauran biyun. Babu abin musu, Ɗantani ne zai bi manzo. Wasu na satar kallonsa suna danne dariya, wasu sun kawar da kai don kunyar abin da ya yi. Ya san wannan tsuguno zai bi shi har kabari, za a ba jikokinsa labari. Yana nan dai a tsugune. Ta tsakanin ƙafafun mutane ya hango Badaru can baya, ya tsaya nesa, ya ba shi gefe, yana fuskantar aguwa kamar mai ƙirga ganyenta.

Mutane suka fara komawa. Wani ya tsaya a kansa bai tafi ba. Kabo ya ɗaga ido, ya ga uban Ɗantani ne, da zaren saƙa maƙale a gemunsa. Mutumin bai dube shi ba, ƙasa yake duba. Kabo ya nemi abin da zai ce masa, na jaje ko na ban haƙuri, ya rasa ko ɗaya da zai fito ba tare da ya zama cin fuska ba.

Masaƙin ya ce, "An gani, Kabo. Ɗaga ƙafarka in ɗauki na yarona."

Kabo ya ɗaga.